Sunan da Hajiya Raki Ba Ta Kira

Duk unguwar Small Heath ta birnin Birmingham babu wanda zai ce ya taɓa jin Hajiya Raki ta kira sunan 'yarta ta fari. A gida "ke" take ce mata. In zancenta ya taso cikin mutane sai ta ce "yarinyar nan", ko "ta Manchester". Yarinyar nan kuwa shekararta talatin da ɗaya, likita ce, sunanta Umaima, kuma a farkon shekarar 2024 tana riƙe da takardar ɗaukar aiki a Ostareliya, sa hannu kawai ya rage mata. Raki ta san in hannun nan ya sauka a kan takarda, to tafiya ce wadda ba a dawowa ko hutun sallah. Ta kuma san sarai abin da yake korar yarinyar.

Kada wani ya yi saurin zaginta. A Bici aka haifi Raki, ita ma 'yar fari ce, kuma har mahaifiyarta ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mata "Rakiya" ba. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yi mata kitso ba. Amma Raki ba ta taɓa zaton ba a son ta ba, domin akwai Goggo, ƙanwar babanta, wadda ta ɗauke ta tun daga yaye. Goggo ce mai kiran suna, ita ce mai rarrashi, ita ake kai wa ƙara. Ita ce kuma take raɗa mata a kunne, "Wannan tsokar uwarki ce ta aiko, ta ce kada in faɗa miki." Uwa ta yi kara, goggo ta yi magana. Haka ake yi a gidansu, kuma ba wanda ya cutu.

Kuskuren Raki ɗaya ne. Ta kwaso karar ta hau jirgi da ita, ta baro goggon a gida.

A 1992 ta biyo mijinta, Injiniya Abdulsalami, wanda aka turo Birmingham karatun dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi. Karatu ya ƙare, aiki ya samu, komawa gida ta zama "baɗi in sha Allah" har furfura ta fito. Suna zaune a wani tsukukun gida a bayan Coventry Road aka haifi Umaima, bayan shekara uku aka haifi Nazir. Nazir kam ya sha suna. Nazir zo, Nazir ci, Nazir ɗan albarka, har waƙa yake da ita. Matan garinmu da ke unguwar sun fara ce mata Maman Umaima, ta yi kamar ba da ita ake ba, sai suka gane suka koma Maman Nazir. Yarinyar tana tsaye a wurin aka yi wannan gyaran.

Abin da ya fi ciwo shi ne aikin da Raki ta samu. Shekara ashirin da biyu tana raba abincin rana a wata firamare, da farar hularta da ludayinta. Yara ɗari uku, kuma wallahi babu wanda ba ta san sunansa ba. "Virtue, riƙe faranti da hannu biyu. Angelina, yau ma ba za ki ci waken ba?" Yara suna ƙaunarta, iyaye suna kawo mata kati a ƙarshen shekara. A wannan layin Umaima take tsayawa, shekara bakwai cur. In ta iso gaba sai Raki ta sunkuyar da kai, ta zuba mata, ta kalli na bayanta ta kira sunansa. Dankalin da ya fi soyuwa a farantin Umaima yake sauka kullum, amma wa ya gaya wa 'yar shekara shida ta duba dankali?

Injiniya ne ya zama goggon dole. Shi yake cewa, "Uwarki ce ta tashi da asuba ta goge miki kayan nan." Shi ya ce mata ranar da ta gama jami'a, "Kin ga ba ta tafa ba ko? Hannunta ne yake rawa." Umaima takan ɗaga kafaɗa ta ce, "To ta faɗa da bakinta mana, Dad." Shi kuma ya yi dariya ya ce a yi haƙuri. A hunturun 2021 zuciyarsa ta tsaya, kwana biyu ya yi a asibiti. Tun daga nan uwa da 'ya suka rasa tafinta. Nazir yana unguwar Perry Barr da matarsa, bai ma san akwai wata matsala ba, ɗan lele ina zai sani.

Abu ɗaya Injiniya ya bari a jikin firij, hoton da ya yanko daga wata tsohuwar kalanda: koren ruwa, da duwatsu tsaye a cikinsa birjik, kowanne da ciyayi a ka. Wurin ana ce masa Ha Long, a ƙasar Vietnam. Yakan tsaya gabansa da kofin shayi ya ce, "Duk rayuwata niƙa dutsen nan nake yi, ina so in ga inda aka ƙyale shi." Ya yi alkawarin kai su in ya yi ritaya. Saura wata huɗu ya yi ritayar ya rasu.

Wata Asabar a watan Janairu, Raki ta hau jirgin ƙasa zuwa Manchester da kular dambun nama, kamar yadda take yi duk wata. Ta hau benen gidan Umaima a unguwar Withington tana haki, ta tarar da takardu biyu a kan tebur.

"Mum, zauna, ina da magana." Hausar Umaima a karye take, amma in ranta ya ɓaci takan miƙe. "Wannan tikiti ne, ni da ke, zuwa wurin duwatsun Dad. Wannan kuma aiki ne a Perth, can Ostareliya. Sun ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu in sa hannu."

"A nan babu aikin ne?"

"Akwai aiki. Ban da shi me ke akwai?"

Raki ta kalli kular. "Ga dambu na kawo."

"Na gode. Mum, in wani ya tare ki a ƙasa ya ce wa kika zo gani, me za ki ce masa?"

"Sai in ce 'yata."

"Wa sunanta?"

Sunan yana nan, a kan harshenta yake, kullum da shi take yin sujada. Amma ya ƙi fita. Ba taurin kai ba ne. Ji take kamar an ce ta kwance zani a tsakiyar kasuwa. Ta gyara mayafi, ta ce wane irin zance ne wannan.

Umaima ta ninke takardar aikin a hankali. "Shi ke nan. Mu je mu ga duwatsun, saboda Dad. In mun dawo sai in sa hannu."

A tsakiyar Fabrairu suka tashi daga Manchester. Suka sauka Hanoi, babban birnin Vietnam, mota ta ɗauke su awa biyu da rabi zuwa bakin teku, suka shiga jirgin ruwa mai ɗakuna goma sha biyu wanda zai kwana da su a cikin tsibiran. Nasu ɗakin shi ne na bakwai. Mai jagorantar baƙi wata mace ce gajeriya, sa'ar Raki, sunanta Lan, da usur a wuya da takardar sunaye a hannu.

Raki ba mai son yawon buɗe ido ba ce, amma da jirgin ya shiga tsakanin duwatsun sai ta daina jan carbi. Hoton firij ashe ƙarya yake yi, bai faɗi rabi ba. Dutse ne tsaye cikin ruwa, ya fi hasumiyar masallaci tsawo, ruwa ya cinye gindinsa har kana mamakin me ya riƙe shi. Ka wuce shi wani ya fito, ka wuce wancan goma su fito, har ido ya gaji. Shaho yana shawagi a sama, wata tsohuwa a ɗan kwalekwale tana tuƙi tana tallan ayaba. Raki ta ce a ranta, Injiniya ga dutsenka an ƙyale shi. Umaima tana gefenta, hannunta a kan ƙarfen jirgin, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da na uwarta. Ba wadda ta matsa.

Bayan la'asar jirgin ya saki anga a wani lungu, aka sauke ƙananan kwalekwale na roba don masu son zagaya duwatsu da kansu. Umaima ta sa rigar hana nutsewa mai usur a jiki, ta zaɓi wani rawaya mai cin mutum ɗaya.

"Mum, za ki zo?"

"Ni? A wannan ƙwaryar? Allah ya sawwaƙe."

Ta so ta ce kada ki yi nisa. Mutane na tsaye, don haka ta kalli ruwa ta ce, "Mutum dai ya kula da kansa." Umaima ta yi wani murmushi wanda ba na daɗi ba, ta tura filafili, ta bi bayan sauran.

Raki ta hau saman jirgin ta zauna inda za ta ga ruwa ba tare da an ce tana kallo ba. Rawaya uku suka fita, ta ƙirga. Ba a yi rabin awa ba hazo ya taso daga bakin teku. Ba irin na Birmingham ba ne da yake rataye a saman rufi. Wannan a kan ruwa yake tafiya, fari fat, yana haɗiye duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na nesa tukuna, sannan na kusa. Lan ta fara busa usur. Kwalekwale suka riƙa fitowa daga cikin farin nan, ja, shuɗi, ja, rawaya. Can wani rawayan. Raki ta jira na uku. Carbi ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa.

Direban jirgin yana so ya matsa zuwa inda za su kwana kafin hanya ta rufe, ma'aikata suna ta gaggawa, suka ɗaure kwalekwalen a baya ba wanda ya tsaya ƙirga su. Baƙi suka watse ɗakuna neman ruwan zafi. Lan ta biyo da takardarta tana bin ɗaki-ɗaki, ta iso kan Raki a gaban wasu Jamusawa huɗu da ke shan shayi.

"Ɗaki na bakwai," ta ce da Turanci. "Mama, 'yarki tana ciki?"

Raki ta yi abin da jikinta ya saba yi shekara talatin da ɗaya duk lokacin da aka tambaye ta 'yar fari a gaban jama'a. Ta sunkuyar da kai. Lan ta ɗauka e ce, ta ja layi a takarda, ta wuce ɗaki na takwas.

Raki ta ga layin da idonta. Ta san me yake nufi. Amma ba ta tashi ba, kuma wannan ne abin da har gobe ba ta yafe wa kanta ba. Jira ta yi. A Bici uwar ɗan fari ba ta cigiyar ɗanta, wata ce take zabura ta ce ina wance, a tsaya, ba a ga wance ba. Ta waiga dama, Jamusawa. Ta waiga hagu, wasu ango da amarya 'yan Koriya suna duba hotuna a waya. Babu wanda ya san akwai wata wance, balle ya yi cigiyarta.

Ta ce watakila yarinyar ta shigo ta baya ban gani ba. Ta sauka bene tana dafa bango, ta buɗe ɗaki na bakwai. Takalman Umaima suna bakin gado inda ta cire su. Wayarta tana kan matashi. Banɗaki a bushe. Tana tsaye a nan ta ji ƙasan jirgin ya fara rawa, injin ya tashi, sarƙar anga tana hawa tana ƙara.

Matar da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, ita ce ta haye benen nan da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta cafke hannun Lan.

"'Yata ba ta dawo ba."

Lan ta kalli takarda, ta kalli Raki. "Amma kin ce..."

"Ban ce komai ba. Ba ta dawo ba."

Lan ba ta tsaya gardama ba. Ta yi wa direba magana da yarensu, injin ya mutu, anga ta koma ruwa. Aka busa ƙahon jirgi, dogo, sau uku. Daga cikin hazo wasu jiragen suka amsa da nasu, duwatsu suka mayar da ƙarar ta kowace kusurwa, har Raki da ke tsaye a kan jirgin ba ta iya cewa ga nasu ba. Aka sauke ƙaramin jirgi mai inji. Ba wanda ya gayyace ta, ta shiga.

Suna tafiya a hankali, mutum biyu a gaba da fitila, Lan ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Ruwa ya fara janyewa, yana jan duk abin da ke kansa zuwa bakin teku. Hasken da ya rage bai fi na minti arba'in ba. Ƙaho ba zai taimaka ba, don jirage sun yi yawa, mai kwalekwale ba zai san wanda zai bi ba. Ta ɗauko lasifikar hannu, ta duba takarda, ta kira sunan yadda ta iya, a gutsuttsure, ko mai shi ba za ta gane ba. Aka kashe inji aka saurara. Ruwa kawai yake lasar gindin dutse.

Lan ta miƙa mata lasifikar. "Muryarki ta sani. Kira ta."

Raki ta karɓa. Ta kai baki.

"Ke!"

Duwatsu suka dawo mata da shi, ke, ke, ke, daga gaba, daga baya. A duk faɗin tekun nan wace ce ke? Lan tana kallonta kamar ta ga mahaukaciya. "Sunanta, Mama. Kira sunanta."

Hazon ya fara canja launi, farin yana komawa toka. Wani abu ya taso a kan ruwa kusa da su, mai fitila ya haska, ashe jarkar roba ce. A nan ne ta tuna takalman nan biyu a bakin gado, ta ga kanta tana saka su a akwati, tana komawa da su Small Heath ita kaɗai.

Na farkon a shaƙe ya fita, kamar ba muryarta ba. "Umaima."

Shiru.

Ta sake, da ƙarfi. Ta sake. Daga nan ba ta san iyaka ba, bakin ya buɗe ya ƙi rufuwa. Umaima. Umaima 'yata. Umaima ki amsa don Allah, ni ce. Mayafi ya zame, hawaye da majina, ga maza biyu baƙi suna kallo, ba ta ko san suna nan ba. Duwatsun da Injiniya ya so gani suna ta maimaita sunan 'yarsa. Ta kira har murya ta dushe, ta tsaya jan numfashi, ba amsa. Ta ce shi ke nan, na makara, na kashe ta da bakina.

Sai usur ya yi ƙara, siriri, kusa ƙwarai, a bayan dutsen da ke damansu.

Suka same ta a ƙarƙashin wata rumfar dutse, ta riƙe wata tsohuwar igiya ta masunta don kada ruwa ya ja ta. Leɓenta ya yi fari, haƙora suna haɗuwa, fuskarta jiƙe. Aka jawo ta ciki. Raki ta cire mayafinta, ta miƙa hannu, sai ta ga idon mutane. Kai, hali. Ta ba Lan mayafin ta ce ta lulluɓa mata. Lan ta lulluɓa.

"Ƙahon jirgi na ji," in ji Umaima, tana kallon ƙafarta. "Shi ya sa na busa."

Raki ta ce alhamdu lillahi. A ranta ta ji sanyi cewa asirinta bai tonu ba, kuma a lokaci guda ta ji wani baƙin ciki da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi shi a gaban duniya, kuma wadda aka yi dominta ba ta ji ba.

Sauran kwanakin a Hanoi suka yi su kamar baƙin juna. Suka ci shinkafa da kifi, suka sayi wa matar Nazir tsaraba, ba wadda ta ta da zancen ruwa. Raki tana ƙirga kwanaki. Ranar ashirin da bakwai ga Fabrairu suka sauka Manchester da rana, saura kwana biyu wa'adin takarda ya cika.

A tashar Piccadilly za su rabu, Raki ta kama jirgin Birmingham, Umaima ta hau bas zuwa Withington. Tashar cike take, ɗalibai da jakunkuna, ma'aikata da kofin kofi, allo yana ta canja lambobi. Umaima ta ja mata akwati har bakin shingen shiga. Saura minti shida. Raki ta ce to, a sauka lafiya, ta kama hannun akwatin. Umaima ba ta saki ba.

"Sha ɗaya," ta ce.

"Me?"

"Sau goma sha ɗaya kika kira. Ba ƙaho na ji ba, Mum. Tun na farko na ji. Ina bayan dutsen, ban fi daga gidanmu zuwa kanti ba. Usur ɗin yana bakina."

Raki ta ji jini ya hau mata ka. "Kina ji? Kina ji ina mutuwa a tsaye kika yi shiru?"

"E."

"Ruwa yana jan ki, duhu yana zuwa, ke kina can kina ƙirga?"

"In na busa za ki daina." Muryarta ta karye. "Na san ba daidai ba ne. Hannuna ya mutu a kan igiyar, ina tsoro kamar me. Amma na ce bari in ƙara jin ɗaya. Sai kuma ɗaya." Ta share hanci da bayan hannu. "Lan ta gaya mini ta tambaye ki ko ina ɗaki. Ta ce shiru kika yi. Har suka ta da inji."

Raki ta fasa faɗan da ta ɗauko. Ta saki akwatin.

"Jira na yi wata ta faɗa," ta ce. "A gidanmu wata ce take faɗa. Ni ma uwata ba ta taɓa kirana ba, amma akwai Goggo, ita take kira, ita take gaya mini abin da ke cikin uwata. Na zaci haka zai tafi. Babanki yana yi mini, na saki jiki. Da na waiga a jirgin nan na ga babu kowa, sai a lokacin na gane tun da aka haife ki babu kowa. Na cuce ki. Ban san ina yi ba, amma na cuce ki."

Ba ta taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba. Lasifikar tasha ta sanar da jirgin Birmingham, mutane suna raɓa su suna tsaki.

"A can kin ɗauka na mutu," in ji Umaima. "Kowa zai iya kiran gawa. Ina so in ji a nan, ina tsaye, ba hazo, ba komai. In kin kira zan amsa. In na amsa, ba inda za ni."

Saura minti biyu. Raki ta kalli allo, ta kalli ƙasa. Kunyar tana nan daram, ba inda ta je, ta ma fi ta kan ruwa nauyi, don a can tsoro ya taya ta, a nan ba mai taya ta. Wuyanta ya fara sunkuyawa da kansa kamar kullum. Ta ji shi yana tafiya, ta tsayar da shi da ƙarfi, ta ɗago. Ta kalli yarinyar a ido, abin da shi ma ba ta saba ba, ta ga ashe girar Injiniya ce da ita.

"Umaima."

A hankali ya fita, a dushe, ko matar da ke tsaye kusa da su ba ta ji ba.

Kalmar da ake amsawa da ita Umaima ta san ta, ta ji ta a bakin Nazir sau dubu, daga bene, daga banɗaki, daga bakin titi. Ita dai ba ta taɓa samun dalilin faɗinta ba. Da ta fito, da harshen Birmingham ta fito, a karkace.

"Na'am, Mama."

Jirgin ya rufe ƙofofinsa ya tashi. Raki ba ta waiga ba, hannunta yana kan kumatun 'yarta, a gaban duk mutanen Piccadilly, tana goge mata fuska da bakin mayafi.